Littafin Da Yaro Zai Iya Yagawa

Ɗan'uwa mai karatu, ɗaga kai ka dubi ɗakinka. Littafi nawa ne a ciki wanda ɗanka mai shekara uku yake da izinin taɓawa? A yawancin gidajenmu amsar ita ce babu ko ɗaya. Ba wai babu littafi a gidan ba. Akwai Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙi a kan tebur, ko Alƙur'ani cikin gafaka an rataye shi can sama. Akwai katin asibiti da takardar gona a ƙasan akwati. Dukansu abubuwa ne da ake kwaɓe hannun yaro in ya miƙa musu, kuma daidai ne a kiyaye su. Amma dubi abin da yaron ya koya daga nan: takarda kayan manya ce, taɓa ta yana jawo tsawa. Sa'an nan ran da ya cika shekara shida sai mu kai shi firamare, mu ce ya ƙaunace ta.

Ga ra'ayina tun da fari, don kada in ɓata maka lokaci. Kowane gida mai ƙaramin yaro yana bukatar littafi ko da guda ɗaya wanda na yaron ne, ya riƙe, ya tauna gefensa, ya yaga in ta kama, ba mai ɗaga masa murya. Littafin nan ya kasance da harshen da yaron yake ji a bakin uwarsa. Kuma kada a saye shi sai an buɗe an duba ciki, kamar yadda ba ka biyan kuɗin akuya ba ka duba bakinta ba.

Watakila ka ce, me ya haɗa ma'aikaciyar jinya da zancen littafi, ita da aikinta allura ne da awon nauyi? Muna auna nauyi da tsawo da kaurin dantse domin su ne sikeli da zaren awo suke iya kamawa. Akwai wani girman da ba ya hawa sikeli. A shekara uku na farko ƙwaƙwalwar yaro tana ginuwa da saurin da ba za ta sake yin irinsa ba har ya tsufa. Abinci yana gina ta, barci yana gina ta, magana ma tana gina ta: a kira sunan abu, yaro ya duba, ya yi gwaranci, a amsa masa.

An gwada wannan a birnin Kingston na ƙasar Jamaika daga 1986, ƙarƙashin wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor. An ɗauki yara 129 'yan wata tara zuwa shekara biyu waɗanda rashin abinci ya tsumburar da su. An ba wasu madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu sau ɗaya a mako, shekara biyu cur, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasa na gida da ƙananan littattafan hoto. Bayan kamar shekara ashirin aka sake neman yaran nan, sun zama samari da 'yan mata. Waɗanda aka yi wa ziyarar wasa da hira suna samun kuɗin da ya fi na 'yan'uwansu da ba a yi musu ba da wajen kashi 25 cikin ɗari. Kada wani ya ji wannan ya ce littafi ya maye gurbin kunu da ƙwai da wake. Yaro mai jin yunwa ba ya kallon hoto. Abin da aka gano shi ne ciki kaɗai bai isa ba.

Likitocin yara a wani asibitin birnin Boston na Amurka sun fara ba iyaye littafi a ranar awo tun 1989, kamar yadda ake ba da magani. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta shawarci iyaye su fara karanta wa jariri tun daga haihuwa. A namu ɓangaren kuwa, Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi ba. Yaranmu na cikin lissafin nan. Mu a asibiti muna ganin ƙarshen abin: babban mutum ya riƙe kwalbar magani, an rubuta sau biyu a rana, ya sha sau huɗu domin yana so ya warke da wuri.

To, wane harshe? Nan ne muke yawan saɓawa da iyaye maza. Maigida zai ce mini, jarrabawa da Turanci ake yi, aiki da Turanci ake nema, Hausa kuwa ai yaron ya riga ya iya, don me zan kashe kuɗi a kanta? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ni ma ina so 'ya'yanmu su iya Turanci har su fi mu. Amma a lura, karatu da harshe abu biyu ne. Karatu shi ne yaro ya gane cewa wannan zanen a takarda yana wakiltar wannan sautin a baki, in an jera sautukan sai kalma ta fito, kalmar kuma tana nufin wani abu. Sau ɗaya ake koyon wannan dabara a rayuwa. Yaron da ya haɗa r da a da g da o, ya ji bakinsa ya ce rago, nan take zai ga ragon layya a zuciyarsa, ya yi dariya. Ya sami ladan wahalarsa. Wanda aka sa ya haɗa baƙaƙen kalmar da bai taɓa ji ba, in ya gama haɗawa bai sami kome ba sai wani sauti. Kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, shi kuwa wuyansa na ɗaukan ɗaya ne.

Hausar boko ma tana da wani sauƙi da ya kamata mu gode masa. Yawanci yadda aka rubuta haka ake furtawa. A Turanci harafin a kaɗai yana da furuci fiye da uku, sai yaro ya haddace kowace kalma da nata hali. Shi ya sa za ka ga yaro a ɗakin jinya yana rera baƙaƙen Turanci daga farko har ƙarshe, uwarsa tana murna, amma in ka nuna masa harafi ɗaya daga tsakiya sai ya yi shiru. Waƙa ya koya. A 1977 an rubuta cikin manufar ilimi ta Nijeriya cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, ko da yake a makarantu da yawa maganar ta tsaya a takarda. Abin da makaranta ta kasa yi, gida yana iya farawa. Yaron da ya iya karatu da harshensa, ran da Turanci ya zo, kalmomi kawai zai koya, domin dabarar tana hannunsa.

In harshen ɗakinku ba Hausa ba ne, Fulatanci ne ko Bacama ko Barbarci ko wani, maganar ba ta sake ba. In an sami littafi da shi, a fara da shi. In ba a samu ba, a ɗauki na hoto a riƙa ba da labarin da harshen gida. Hoto ba shi da yare.

Wani zai ce ai babu littattafan Hausa. Akwai, sai dai ba su bin mutum gida. A 1933 Rupert East na hukumar fassara da ke Zariya ya sa gasar rubuta labari, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1937 Magana Jari Ce ya fara fitowa, littafi uku, inda aku yake ta zuba wa ɗan sarki labari don ya hana shi fita. Kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da buga su, tare da littattafan koyo da iyayenmu suka sani, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littafi shida a farkon shekarun 1970. A 'yan shekarun nan an raba littattafan Mu Karanta! ga 'yan aji ɗaya zuwa uku a jihohin Bauci da Sakkwato, shirin RANA kuma ya yi irin wannan aiki a Katsina da Zamfara. In kana da ɗa ko maƙwabci a makarantar gwamnati a waɗannan jihohi, tambayi malamin. Sau da yawa littafin yana kulle a kabad ɗin hedimasta, ana tsoron kada yara su lalata shi. Ciwon gida ne ya bi mu har makaranta.

Amma in faɗi gaskiya, yawancin waɗannan don ɗan makaranta aka yi su. Magana Jari Ce ba na ɗan shekara uku ba ne. Labaransa suna da tsawo, Hausarsa tana da nauyi, sai yaro ya kai bakwai ko takwas a karanta masa da dare kaɗan kaɗan, ana tsayawa ana bayani. Na jarirai da 'yan yaye da Hausa su ne suka yi ƙaranci ƙwarai, zan dawo kan abin da za a yi da wannan.

Yanzu ga ka a kasuwa, gaban mai littattafai, ko a Sabon Gari ta Kano ko a tebur ɗin da ake bazawa ranar kasuwar ƙauyenku. Mai kaya zai miƙo maka wanda ya fi kyan bango. Karɓi, ka buɗe tsakiya.

In yaron bai kai shekara biyu ba, nemi mai kauri kamar kwali, hoto ɗaya babba a kowane shafi, launi mai ƙarfi, rubutu kalma ɗaya ko babu. Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da yake kusa, kamar nisan fuskar uwa daga nono, kuma fuska ce ta fi jan idonsa. Duk abin da ya shiga hannun ɗan wata takwas baki zai tafi, don haka duba ɗinkin. In da 'yan wayoyin ƙarfen nan aka maƙale shi, za su yi tsatsa, su buɗe, su soki dasashi ko a haɗiye su. Cire su ka ɗinke da zare. Murza hoton da ɗan yatsa mai laima, in tawada ta biyo hannunka, ajiye musu kayansu.

Daga shekara biyu zuwa biyar ne aka fi yin kuskuren saye, nan zan daɗe kaɗan. Yaro a wannan lokaci yana so ya ga duniyarsa a takarda. Akuya, kaza da 'ya'yanta, tulu, turmi, babur, uwa da goyo, tsoho da sanda. In ya ga abin da ya sani sai ya nuna da yatsa ya kira sunansa, ya waiwayo ya dube ka, yana jiran ka ce haka ne. Wannan waiwayen shi ne dukan amfanin littafin. Littattafan gwanjo da ake kawowa daga Turai suna da kyan takarda, suna da araha wani lokaci, amma cike suke da dusar ƙanƙara da tuffa da wasu dabbobin da ko kai ba ka san sunansu ba. Yaro zai kalla, ba zai ce kome ba, kai ma ba za ka ce kome ba, sai a rufe. Ban ce a ƙone su ba. In ya yi wayo, baƙon abu yana buɗe masa ido. Amma na fari ya zama na gida.

Nemi kuma labari mai maimaici, wanda magana ɗaya take dawowa a kowane shafi. Manya suna gajiya da wannan, yara kuwa shi suke so, domin a karo na uku sun san abin da ke zuwa, sai su riga ka faɗa. Kakanninmu sun san haka tun kafin a kawo injin buga littafi, shi ya sa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi take da waƙar da ake ta komawa kanta. In ɗanka ya ce a sake karanta masa littafi ɗaya dare goma a jere, ba abin da ya same shi. Aiki yake yi.

Karanta labarin da kanka har ƙarshe kafin ka biya, ko ka sa wani ya karanta maka, minti biyar ne. Tambayi kanka, wa aka yi wa dariya a ciki? In makaho ne ko gurgu ko kuturu ko mai i'ina ko wata ƙabila aka mayar abin ba'a, bar shi. Mu da muke jinyar waɗannan bayin Allah mun san inda dariyar take ƙarewa, mun ga masu ɓoye ciwo shekara da shekaru don tsoron bakin mutane. Duba kuma abin tsoro. Dodo kaɗan ba laifi, in a ƙarshe an ci nasara a kansa kuma yaro yana jikin uwarsa. Amma hoton jini da yanka da wuta ba na ɗan shekara huɗu ba ne, ko da littafin na addini ne. An sha kawo mana yaro ana cewa yana firgita da dare, ko ya koma fitsarin kwance, in an bi sawu sai a tarar wani abu ya gani a waya ko a takarda.

Ga ɗan shekara shida zuwa tara da ya fara haɗa baƙi, akwai gwaji mai sauƙi. Buɗe shafi ɗaya ka ce ya karanta. Duk kalmar da ta gagare shi, ka lanƙwasa yatsa ɗaya. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a bana, kai za ka karanta masa shi. In ba ka lanƙwasa ko ɗaya ba, ya yi masa sauƙi, amma ba laifi, sauƙi yana sa saurin baki da ƙarfin zuciya. Biyu ko uku shi ne daidai. Kada ka saya masa na aji shida yana aji biyu wai don ya daɗe yana amfani da shi, kamar yadda muke yi da takalmi. Takalmi yana jiran ƙafa. Littafin da ya gagari yaro kuwa koya masa yake yi cewa shi daƙiƙi ne.

Abu ɗaya da mutane ba su cika dubawa ba shi ne baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Masu bugun jabu da masu gaggawa suna zubar da su. Kai babba ka san inda aka nufa, amma mai koyo fa? Baki da baƙi ba ɗaya ba ne, fada da faɗa ba ɗaya ba ne, haka kara da ƙara. In littafin koyon karatu ne kuma babu ƙugiya a ciki, wanda ya buga shi bai damu da ɗanka ba. Haka in rubutun ya dushe ko ya yi ƙanana kamar ƙwayar gero.

Littattafan soyayya da ake bugawa a Kano sun sa mata da yawa sun riƙe karatunsu bayan aure, ban raina su ba. Na manya ne. A ɗaga su sama tare da maganin ɓera da kwalbar kananzir.

Shaihu Umar ma, duk da darajarsa, sai yaro ya kai kamar sha biyu. Labarin yaro ne da aka sace aka ƙetare Sahara da shi, uwarsa ta bi sawunsa har Murzuk ta faɗa cikin bauta. Ambaton Murzuk ya kawo ni kan wasu iyalai da nake so in yi wa magana musamman, domin akwai ƙauyuka da yawa a ƙasar Katsina da Maraɗi da Damagaram da suke da 'ya'ya a Libiya. Sun bi ta Agadas da Dirku, sun sauka Sabha, babban birnin yankin Fezzan, arewa da Murzuk ɗin nan. Wasu sun wuce gaba, wasu sun zauna a unguwanni irin su Mahdiyya, sun kai iyali, an haifi yara can. Yaron da aka haifa a Sabha yana jin Hausa a ɗaki, Larabcin Libiya a titi, in ya sami shiga makaranta kuma da Larabci za a koya masa. Littafin da ubansa zai samu a kanti na Larabci ne.

Shawarata ga irin wannan uba, ya sayi na Larabcin mai hoto, kada ya ƙi. Yaronsa yana bukatar harshen garin da yake zaune. Baƙaƙen Larabci kuma ba baƙi ba ne gare mu, da su aka rubuta Hausa tun kafin boko, da su Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta waƙoƙin da aka koyar da matan karkara da su. Amma uwa ta riƙa ba da labarin hoton da Hausa. Ku kuma da kuke gida, in za ku ba matafiyi saƙon kuka da daddawa da yaji, ku sa ƙaramin littafin Hausa ɗaya ko biyu a cikin ƙullin, ba su da nauyi. Dalilina shi ne zaman can ba shi da tabbas, dawowa kuma wani lokaci ba da shiri take zuwa ba. Yaro ɗan shekara tara ya sauka garin kakansa, a sa shi aji, bai taɓa ganin rubutun da ake farawa daga hagu ba, yara suna yi masa dariya. In ya riga ya san baƙaƙen boko da harshen da yake ji, rabin wahalar ta tafi. A lura da ɗan bambanci: littafin da aka buga a Nijar yana rubuta ƴ inda na Nijeriya yake rubuta 'y. Sauti ɗaya ne, a gaya wa yaro don kada ya rikice.

Waya fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ya fi. A maimakon haka ta ambaci karatu da ba da labari tare da mai reno. Na san dalilin da ya sa ake miƙa wa yaro waya, ke uwa kina da daka da wanki da girki, waya tana sa shi shiru. Amma shirun ne abin tsoro. Waya tana magana, ba ta jiran amsa, ba ta san ya waiwayo ba. Duk da haka tana da amfani in babba ne yake riƙe da ita. Akwai wani shiri da ake kira African Storybook, daga Afirka ta Kudu, wanda ya zuba labaran yara masu hoto kyauta a intanet cikin harsunan Afirka da yawa, har da Hausa. Wanda yake da babbar waya yana iya saukewa ya karanta wa yaro, ko ya kai shagon kwamfuta a buga masa a takarda. Kaka kuma tana iya yin tatsuniya a ɗauki muryarta a aika wa jikokinta na Sabha ta WhatsApp.

Na yi alkawarin dawowa kan na jarirai. In babu a kasuwa, ko babu kuɗin, a yi shi a gida. Kuɗin littafi ba zai fito daga kuɗin abinci ko na magani ba, ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Nemi kwalin taliya ko na sabulu mai tsabta, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko takin zamani ba. Yanka shi gida huɗu ko shida kamar faɗin tafin hannu biyu. Yanko hotuna daga tsohuwar kalanda ko takardar gwangwani, ko ka sa ɗan makarantar gidan ya zana kaza da kifi da mota. Liƙa da ƙullun rogo, rubuta sunan abin a ƙasa da manyan baƙaƙe, huda gefe ka ɗinke da zare mai ƙarfi. Sa sunan yaron a bango. In ya yage nan da wata biyu, ya yi aikinsa, a yi wani. Matan zumunta ko na unguwa in sun haɗu su goma, kowace ta yi ɗaya, ana musanya duk mako, yaro ya ga littafi goma ba a kashe ko sisi ba.

Ke kuma da kike cewa ban yi boko ba, me zan karanta masa? Ɗora shi a cinya, buɗe hoton, ki tambaye shi, mene ne wannan? Ina wutsiyarta? Me take ci? Wa yake da irinta a gidanmu? Ki jira ya amsa, ko da gwaranci ne, ki ƙara masa kalma ɗaya a kan tasa. In ya ce akuya, ki ce i, jar akuya. Abin da aka koya wa matan Jamaika ke nan, ba digiri aka ba su ba. Minti goma ya isa. In ya ture littafin ya sauka, ƙyale shi, gobe ma rana ce. Kai maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Bayan cin tuwon dare, kafin ka fita dandali, cinyarka ma tana ɗaukar yaro. Kuma kada bulala ta kusanci wurin. Wanda aka doka a kan littafi, littafin yake tsana.

In da dare ake yi, a yi da tocila ko fitila mai cajin rana. Kada a shiga gidan sauro da aci-balbal ko kyandir ko fitilar ƙwai. Gidan sauro yana kama wuta cikin ƙiftawar ido, mun yi jinyar irin wannan ƙuna, ba na so in sake gani.

Littafi kuma yakan tona ciwon da ba a lura da shi ba, don haka ku sa ido. In yaro yana manna takarda a fuskarsa, ko yana karkata kai, ko yana runtse ido ɗaya, ko idonsa ɗaya yana kaucewa, a kawo shi a duba. In yana laluben hanya da magariba alhali sauran yara suna gani, dundumi ne, alamar ƙarancin bitamin A, yakan biyo bayan ƙyanda ko gudawa mai tsawo, kuma yana iya kai wa ga makanta in an yi sakaci. In kunnensa yana zubar da ruwa ko mugunya, ko ba ya waiwayowa in an kira shi daga baya, kada a ce taurin kai ne. Yawancin yara suna faɗin kalma ɗaya ko biyu wajen shekara ɗaya, suna haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, kamar ba ni, ko Mama zo. In ya cika biyu ba ya cewa kome, ba ya nuna abu da yatsa, kada a jira wai kakansa ma bai yi magana da wuri ba. Ku zo ranar awo da katinsa na riga-kafi, ku zo da littafin nasa ma, ko na kwali ne, domin da shi za mu fara gwada idonsa da kunnensa.